Ruwa na Tiga, famfo a bushe: fashin baƙi kan lissafin ruwan Jihar Kano

Jihar Kano na cikin jihohin da suka fi yawan madatsun ruwa a Najeriya, amma a unguwanni da dama na babban birninta akwai yaran da suka yi wayo, har suka gama firamare, ba su taɓa ganin famfon gidansu ya kawo ruwa ba. Ruwan da suka sani shi ne na kura da jarka. Da an ce jiha na bukatar tsarin ruwa na dogon zango, hankalin yawancinmu kan tafi ne ga sabon dam ko sabuwar matatar ruwa, abin da za a yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. A ganina aikin yana farawa tun kafin a kai ga siminti. Sai an zauna an yi lissafi: nawa ake da shi, nawa za a bukata nan da shekara 30 ko 50, wa zai samu nawa, wa kuma zai haƙura in shekara ta zo da fari.

Gadon da ake ci har yanzu

Ruwan famfo ya shigo Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da En'e ta gina gidan ruwa na farko a bakin kogin Challawa. Birnin da aka yi wa wannan aiki ƙarami ne. Ko a ƙidayar 1963 mutanensa ba su kai 300,000 ba.

Babban sauyi ya zo ne da Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka gina Bagauda, aka kammala Tiga a 1974, aka kuma ɗora harsashin datse ƙananan koguna a sassan jihar. Daga wannan yunƙuri aka samu su Watari a Bagwai, da Tomas ta wajen Dambatta, da Gari, da Kafin Chiri, da Jakara. Hukumar WRECA ta jihar, mai gina madatsu da ayyukan ruwa, ta yi suna a wannan aiki, da injiniyoyinta da ma'aikatanta na gida. Babbar madatsar Challawa da ke Ƙaraye ta zo daga baya, a 1992. Abin lura shi ne ana cikin ginin Tiga farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa yankin Sahel, saboda haka mutanen da suka yi aikin sun ga yunwa da mutuwar dabbobi da idonsu. Ba labari aka ba su ba.

An gina Tiga don ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2 na ruwa, Challawa kuma sama da miliyan 900. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa. Waɗanda suka tsara wannan aiki sun hango shekaru masu yawa a gabansu, kuma shekarun nan su ne muka cinye. Tiga ta haura shekara 50. Abin da aka ƙara tun daga lokacin galibi matatu ne: ƙarin gidajen ruwa a Challawa, tsohuwar Tamburawa, sai sabuwar Tamburawa mai ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana da ta Watari mai lita miliyan 75, waɗanda aka yi a zamanin Malam Ibrahim Shekarau.

Bakunan da ke jiran ruwan

Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4. Ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni da kewaye, wato Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sun tashi da kimanin miliyan 2.8. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, kuma wannan kaɗai babbar matsala ce ga duk mai son tsara ruwa, domin da hasashe yake aiki. To amma hasashen ba wuya gare shi ba. Al'ummar da ke ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin ɗari a shekara takan ninka kanta cikin shekara 23 ko 24. Ke nan miliyan 2.8 na 2006 za su doshi miliyan 5 da rabi wajen 2030, su haura miliyan 11 a tsakiyar shekarun 2050. Wannan kuwa ba a sa masu shigowa daga ƙauyuka da waɗanda rashin tsaro ya koro daga wasu jihohi ba, ba a kuma sa yadda birnin ya riga ya malala cikin Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa ba.

Manufar ƙasa kan ruwan sha ta shekarar 2000 ta ƙayyade lita 120 ga kowane mutum a rana a birane, lita 60 a ƙananan garuruwa, lita 30 a karkara. In aka bi wannan ma'auni, mutum miliyan 5 na bukatar lita miliyan 600 kullum. Mutum miliyan 11 kuwa sai an ba su lita biliyan 1.3 a rana, wanda a shekara ya kama kusan kubik mita miliyan 480. Wannan na gidaje ne kawai. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suna nan, asibitoci da makarantun kwana da kasuwanni suna nan, ga kuma abin da ke zubewa a hanya ta fasassun bututu kafin ya isa gidan kowa.

Wani zai ce ai in Tiga na riƙe biliyan 2, miliyan 480 ba wani abu ba ne. A nan ne lissafin ke fara tsauri. Girman dam daban, abin da zai iya bayarwa kowace shekara daban. Dam kamar rumbu yake: girmansa ba ya ƙara yawan abin da gona ta bayar, amfaninsa shi ne ya ajiye rarar shekara mai albarka don shekarar da damina ta gaza. Abin da kogin Kano ke zubawa cikin Tiga a matsakaiciyar shekara bai kai cikinta ba. Sannan bayan ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988, an sake duba lafiyar manyan madatsun, kuma a farkon shekarun 1990 aka rage tsayin mafitar ambaliya ta Tiga saboda tsaro, abin da ya rage yawan ruwan da take riƙewa. Laka ma tana nata aikin a hankali. Duk gonar da aka nome har bakin rafi, duk dajin da aka sare a saman kogi, ƙasarsa a gindin dam take ƙarewa.

Akwai kuma mai sha ɗaya da ba ya zuwa taron rabo, ita ce rana. Faɗin tafkin Tiga in ya cika ya kai murabba'in kilomita 170 da wani abu, kuma a yanayi irin namu zafi da iskar hunturu kan ɗauke kusan mita 2 daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara. In ka buga, ya haura kubik mita miliyan 300 kafin a cire abin da ruwan sama ke mayarwa. Ya fi abin da mutum miliyan 5 za su sha su yi wanka da wanki a shekara guda. Duk mai kiran a gina sabon dam ya kamata ya fara sanin cewa faffaɗan tafki marar zurfi rana yake wa tanadi.

Manomi da ɗan birni, ƙwarya ɗaya

Tiga dai tun asali ba don famfon birni kaɗai aka gina ta ba. Babban dalilinta shi ne noman rani. Babbar hanyar ruwan da ta taso daga gare ta, ta bi ta Ruwan Kanya, ita ke shayar da gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, aikin da aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000. Tumatirin da ke cika kwanduna a Kwanar Gafan, shinkafar Kura, alkama, masara, albasa, duk ruwan Tiga ne. Dubban gidaje da wannan suke ci, har da 'yan ci-rani masu zuwa aikin gona daga nesa.

Noman rani kuwa mashayin ruwa ne na gaske. Hekta ɗaya ta shinkafa, in ana kwarara mata ruwa ta hanyar da aka saba, tana iya shan kubik mita 10,000 ko fiye kafin a girbe. Wannan ruwa zai ishi mutum sama da 200 shekara guda a ma'aunin lita 120. Ba ina cewa a hana manomi don a ba ɗan birni ba ne, domin ɗan birnin ma shinkafar yake ci. Abin da nake nufi shi ne duk alƙawarin faɗaɗa noman rani da sabbin dubban hektoci alƙawari ne da aka ɗauka daga ƙwaryar da birnin 2050 zai sha. Gwamnatoci sukan yi alƙawuran biyu a rana ɗaya, a jawabi ɗaya, ba tare da wani ya haɗa jimillar ba.

A gonakin kansu akwai ruwa mai yawa da za a iya cetowa. Wanda ya zaga Kadawa da rani ya san yadda ƙananan hanyoyin ruwa kan cika da ciyawa da yashi, yadda wanda ke kusa da ƙofa kan sha har gonarsa ta jiƙe sharkaf, na can ƙarshen layi kuma yana jiran dare ya zo ya buɗe a ɓoye ko ya kunna injin ban-ruwa. Shirin TRIMING na inganta noman rani da aka yi da rancen Bankin Duniya ya gyara wani ɓangare na hanyoyin, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Ko gyaran zai ɗore, wannan ya rataya ne ga ko manoma za su ci gaba da biyan kuɗin ruwa, a kuma kashe kuɗin a kan yashe hanyoyin.

Makullin ba a hannun jiha yake ba

Ga wani abu da yawancin masu zagin Hukumar Ruwa ba su sani ba. Jihar Kano ce ta gina Tiga, amma bayan da gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna a 1976, ragamar manyan madatsun ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa. Tsarin mulki da dokar albarkatun ruwa ta 1993 sun ɗora ikon duk ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya a kan tarayya. Jiha ke da alhakin kai ruwa gidan mutane, amma tushen ruwan na wani ne. Ƙudirin sabuwar dokar ruwa ta ƙasa da aka yi ta kai ruwa rana a kansa a majalisar tarayya tun wajen 2018 ya maƙale cikin rigimar siyasa da zargin ƙwace filaye, saboda haka tsohon tsarin ake ci gaba da bi.

Dalilin wannan doka a fili yake in ka bi kogin. Kano da Challawa suna haɗuwa a kusa da Tamburawa su zama kogin Haɗeja. Ya wuce Wudil, ya shiga Jigawa, wadda har 1991 ɓangaren Kano ce, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru inda yake gamuwa da ruwan Jama'are. Daga wajen Gashuwa ya zama kogin Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta yankin Diffa, ya ƙare a Tafkin Chadi. Tiga da Challawa su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan kogin Haɗeja. Duk ƙofar da aka murɗa a Tiga, masunci a Nguru da mai noman tattasai a bakin Komadugu za su ji a jikinsu.

Kafin madatsun, kogin yana da numfashi biyu. Da damina ya cika ya malale fadamu, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa, ruwan ƙasa ya ƙoshi. Da rani ya janye, a noma fadamar da sauran danshi, makiyaya su sauko da shanu. Bayan madatsun sai ambaliyar damina ta ragu, ruwan rani kuma ya daina yankewa. Wani ɓangare na dalilin yana nan bakin gidajen ruwan Kano: matatun daga cikin kogi suke zuƙa, yashi kan taru ya toshe bakin bututun, saboda haka sai a sako ruwa daga dam fiye da abin da matata za ta ɗauka, don kawai ya yi tsayin da injin zai kama. Ragowar ya gangara ƙasa. Wannan ruwa da ba ya yankewa shi ya yi wa kachalla shimfiɗa. Ciyawar ta cinye hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru, ta toshe tsohon kogin, ta karkatar da ruwa zuwa rafin Marma da tafkin Nguru. Wasu garuruwan ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma na ƙasa da su suka rasa. Mutanen yankin kan fita gayya cikin kwale-kwale da lauje da adda, su wuni cikin ruwa har ƙirji suna sara, bayan 'yan watanni ta dawo kamar ba a taɓa ba. Tsuntsayen jan-baki kuma sun samu maɓoya a cikinta, daga nan suke tashi su faɗa wa gero da shinkafa.

A shekarun 1990 masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, sun auna abin da dausayin ke samarwa na noma, kifi da itace, suka kwatanta da na gonakin rani na sama. Sakamakon bai yi wa masu son manyan ayyuka daɗi ba: a kan kowane ma'aunin ruwa, dausayin ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba. Irin wannan hujja ce ta sa Yobe da Borno suka daɗe suna adawa da madatsar Kafin Zaki da Bauchi ke nema a kan ruwan Jama'are, aikin da aka fara aka dakatar fiye da sau ɗaya. A 2006 gwamnonin jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, sun haɗu a Damaturu suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya, aka kafa asusun amana. Tsakanin Najeriya da Nijar ma akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su. Takardu dai akwai. Tsarin ruwan Kano da bai fara da tambayar nawa ne rabonta a cikin kogin ba, rubutu ne a kan dukiyar da ba a raba gado ba tukuna.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Da famfo ya gaza, mutane ba su zauna jira ba. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, mai neman kuɗi ya haƙa ta sayarwa, masallatai da 'yan siyasa da masu neman lada suka haƙa nasu. Tun da asuba za ka ga layin kuraye a bakin tanki, kowace da jarka 12 ko 14, janareta na ruri, mai wurin na karɓar kuɗi. Ɗan garuwa ya cika, ya tura cikin lungu, wata uwar gida ta leƙo daga zaure: "Mai ruwa, kawo huɗu, amma jiya ruwanka da gishiri-gishiri." Shi kuma ya ce, "Hajiya, wancan bohol ɗin ya ƙafe, daga nesa na ɗebo, kuma sun ƙara kuɗi." A yau wannan shi ne ainihin tsarin ruwan unguwanni da yawa, kuma babu ofishin da ya zana shi.

Matsalar ita ce mafi yawan Jihar Kano a kan dutse take zaune. Ruwan da ke ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsagoginsa, ba wani teku ne a shimfiɗe ba. Shi ya sa maƙwabcinka zai haƙa ya samu, kai ka haƙa taku kaɗan daga nan ka tashi da ƙura. Ƙasa mai yashi da ke riƙe ruwa sosai tana arewa maso gabas, kuma galibinta ta tafi da Jigawa. Ɗan abin da ake da shi ruwan sama ne ke sabunta shi duk damina, mu kuma muna toshe masa hanya. Kududdufan da suka kasance a cikin birni da bayan ganuwa, waɗanda ke tara ruwan damina su bar shi ya tsuma cikin ƙasa, an cike da yawansu an yi gini. Tsakar gida ta koma siminti da tayil. Sakamakon biyu ne a lokaci ɗaya: ambaliya a Agusta, ƙafewar rijiya a Afrilu. Ga kuma masai da ake haƙawa dab da rijiya a unguwannin da fili ya yi ƙaranci, da ruwan majemu da masana'antu da ke gangarawa Challawa da Jakara.

Mai tsara ruwan jiha yana bukatar sanin rijiyoyin burtsatse nawa ne, nawa suke zuƙa, kuma ruwan ƙasa na sauka ko yana hawa. Hakan ba ya samuwa sai da rajista da rijiyoyin awo da ake dubawa wata-wata, shekara da shekaru. Aiki ne marar armashi, ba a gayyatar 'yan jarida a kansa, kuma shi ne farkon abin da ake yankewa in kasafi ya yi ƙunci.

Da wace shekara ake awo?

Wannan ita ce tambayar da na fi ba muhimmanci. Damina a Kano ba ta da alƙawari. A matsakaici ana samun milimita 800 zuwa 900 a kewayen birni, fiye da haka a kudu ta wajen Doguwa da Tudun Wada, ƙasa da haka a arewa. Amma a 1973 abin da ya sauka kusan rabin haka ne, sannan fari ya sake dawowa a 1983 da 1984. Shekarun baya-bayan nan sun fi yawan ruwa, har abin da ya fi damun mutane shi ne ambaliya, musamman bayan abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Wannan yalwa tana sa mantuwa. In fari irin na 1983 ya dawo ya yi shekara biyu ko uku a jere, zai tarar da mutanen da suka ninka na wancan lokaci fiye da sau biyu, da gonakin rani da suka fi na da, da madatsun da laka ta rage musu ciki.

Jihar Texas a Amurka ta koyi wannan da wahala. Farin da ya yi mata kusan shekara bakwai a shekarun 1950 shi ya sa ta kafa hukumar tsara ruwa a 1957. Tun daga 1997 aka raba jihar yanki 16, kowane yanki da kwamitinsa na manoma, birane, masana'antu da masu kare muhalli, kuma duk shekara biyar sai an sabunta tsarin da ke duban shekara 50 gaba. Ma'auninsu shi ne fari mafi muni da aka taɓa rubutawa: in irinsa ya dawo, garin nan zai samu ruwa ko kuwa? Tsarinsu na 2022 ya yi hasashen jama'a za su tashi daga miliyan 29.7 a 2020 zuwa miliyan 51.5 a 2070, ya kuma ƙiyasta ayyukan da ake bukata a kan dala biliyan 80. Ba kuɗin ne abin koyi ba, Kano ba ta da su. Abin koyin shi ne rance mai rangwame da jihar ke bayarwa daga asusun da ta kafa a 2013 na ayyukan da ke cikin tsarin ne. Wannan sharaɗi shi ya hana littafin zama abin ado a kan kanta.

Mu ma muna da babban tsarin ruwa na ƙasa, wanda aka yi da taimakon hukumar JICA ta Japan a 1995 aka sabunta a 2013, yana duban 2030. Ga 2030 ɗin ta ƙaraso. Tsarin ƙasa kuwa ba zai gaya maka wane bututu za a sauya a Kurna ko Rijiyar Lemo ba, ko wane gari ne a Kunchi ko Makoɗa zai fara rasa ruwa. Wannan sai jiha.

Daga matata zuwa ƙofar gida

Ko da an warware rabon kogi, ruwa ba ya kai kansa gida. Matatun Challawa da Tamburawa a kwari suke, sai an tura ruwan da injuna zuwa manyan tankuna irin na Goron Dutse kafin ya gangaro unguwanni. Injin yana son wuta dare da rana. Matatar da aka rubuta mata lita miliyan 150 a rana, in ta samu wuta ta awa takwas, kashi ɗaya cikin uku za ta bayar, kuma ba wanda ya saci komai. In aka koma janareta, kuɗin dizal ya cinye na alif da kulorin. Tashar lantarki mai megawat 10 da jihar ta gina a Tiga da nufin ba Tamburawa wuta tunani ne mai kyau, sai dai ita ma da sakin ruwa take aiki, saboda haka ta zama wani sabon baki a teburin rabo: lokacin da ake son wuta ba lallai ya zo daidai da lokacin da manomi ko dausayi ke son ruwa ba.

Sai bututu. Wasu tun zamanin Turawa suke a binne, wasu an fasa su wajen aikin titi da gadoji ba a mayar ba, sabbin unguwanni kuwa an yanka filaye an gine ba a taɓa shimfiɗa musu ko ɗaya ba. Bututun da ba ya samun ruwa kullum ya fi saurin lalacewa, kuma duk lokacin da ya zama fanko yakan zuƙo ƙazantar kwata ta wuraren da ya tsage. Ƙara matata a kan irin wannan layi ƙara yawan abin da ke zubewa ne.

Maganar kuɗi ita ce wadda 'yan siyasa ke gudu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma hukumar da ba ta tara abin da zai biya wuta da magani da gyara ba za ta rayu ba sai da jiran abin da gwamnati ta ga damar bayarwa. Mutane sun ƙi biya saboda ruwa ba ya zuwa, ruwa kuma ba ya zuwa saboda ba a biya. Amma kada a ce talaka ba zai iya biya ba. Gidan da ke sayen jarka 8 kullum yana sayen lita 200 ne a farashin da ya ninka na famfo sau da yawa, alhali mai babban gida da bohol da sola ruwansa kusan kyauta ne. Tsarin da ya san abin da yake yi zai sa mita, ya sauƙaƙa farashin litocin farko da kowane gida ke bukata, ya tsananta wa mai wanke motoci da mai kamfanin ruwan leda. Zai kuma ɗauki 'yan garuwa a matsayin wani ɓangare na hanyar rabo, ya ba su wuraren ɗiban ruwan da aka tace, domin ba za su ɓace cikin shekara goma ba.

Duk waɗannan sun fi ƙarfin zango ɗaya na mulki. Daga ranar da aka yanke shawarar gina babbar matata da layin bututunta zuwa ranar da ruwa zai fito a famfo, ana iya cin shekara bakwai zuwa goma tsakanin nazari, neman rance, biyan diyya da gini. Gwamnan da ya fara ba lallai shi zai buɗe ba, kuma siyasar Kano ta saba da sabon gwamna ya juya wa aikin wanda ya gada baya. Saboda haka sai majalisar jiha ta mai da tsarin doka: a riƙa sabunta shi duk shekara biyar, a buga alƙaluman ruwan madatsu da na rijiyoyin awo kowa ya gani, a zauna da Jigawa da Yobe da hukumar kogunan a rubuta tun yanzu wa za a fara rage wa in Tiga ta sauka zuwa rabi, sannan a hana sa duk wani babban aikin ruwa cikin kasafin kuɗi in ba ya cikin tsarin.